Me Ke Sa Manhaja Ta Tsaya Tana Juyi? Darasi Kan Kulle Da Taskar Konekshan A Rumbun Bayanai

Kowane mai wayar hannu ya san 'yar da'irar nan da ke juyawa a tsakiyar allo. A danna wurin tura kuɗi ko duba sakamakon jarrabawa, ta kama juyi, ta yi ta yi, can sai saƙo ya fito cewa a sake gwadawa. Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne "babu netwok". Wani lokaci hakan ne. Amma sau da yawa netwok lafiyarsa ƙalau: bidiyo na tafiya a YouTube, saƙonni na shiga WhatsApp, manhaja ɗaya ce kawai ta ƙi. To a irin wannan hali, matsalar ba a wayar take ba. Tana can a uwar garken da manhajar ke magana da ita, kuma galibi abu biyu ne ke haddasa ta: kullen da aka riƙe a rumbun bayanai aka ƙi saki, da ƙarewar konekshan ɗin da ake shiga rumbun da su.

Wannan darasi zai amfani mai koyon gina manhaja, domin duk wanda manhajarsa ta samu jama'a sai ya gamu da wannan matsala. Zai kuma amfani mai waya kawai, domin sanin abin da ke faruwa a bayan allo na iya hana shi tura kuɗi sau biyu.

Hanyar da buƙata ke bi

Yawancin manhajojin waya hawa uku ne. Na farko shi ne abin da ake gani a allo. Na biyu uwar garken manhaja, wato kwamfutar da ke karɓar buƙata ta yanke hukunci a kanta, irin su Tomcat da WildFly ga masu aiki da yaren Java. Na uku rumbun bayanai, inda ake ajiye asusu da sunaye da tarihin hada-hada, kamar MySQL da PostgreSQL.

Uwar garke ba ta ajiye ragowar kuɗin kowa a kanta. Duk lokacin da buƙata ta zo, sai ta tambayi rumbu. Kafin ta yi magana da rumbun kuwa, sai an buɗe hanya tsakaninsu, wadda ake kira konekshan. Buɗe shi aiki ne: sai kwamfutocin biyu sun gaisa, an tantance suna da kalmar sirri, an kuma ware masa wuri a ƙwaƙwalwa. A PostgreSQL ma kowane konekshan sai an tayar masa da aiki nasa na kansa a cikin injin. Wannan ya sa ake yi wa adadinsu iyaka. Idan ba a taɓa saiti ba, PostgreSQL na karɓar 100 ne a lokaci guda, MySQL kuma 151.

Mece ce taskar konekshan?

Tunda buɗewa na da tsada, sai aka fito da dabara: a buɗe 'yan kaɗan tun farko a ajiye, duk buƙatar da ta zo ta ari ɗaya, ta gama ta mayar. Wannan ajiya ita ce taskar konekshan. Kamar rijiyar unguwa ce mai guga goma. Mutum ɗari na iya shan ruwanta a safiya ɗaya, muddin kowa ya ja ya miƙa wa na baya. Ranar da mutum goma suka riƙe gugan suka tsaya hira, layi ya tsaya ke nan, alhali rijiyar cike take da ruwa.

Ɗaya daga cikin taskokin da aka fi amfani da su a Java ita ce HikariCP, wadda Spring Boot ya mayar da ita zaɓinsa na asali tun daga siga ta 2.0 a shekarar 2018. A saitinta na asali konekshan 10 take riƙewa, kuma mai jira zai jira daƙiƙa 30 ne kacal. Idan wa'adin ya cika bai samu ba, sai wannan saƙo ya bayyana a kundin rahoton uwar garke:

Connection is not available, request timed out after 30000ms

Ma'anarsa ita ce an jira daƙiƙa 30 ba a samu konekshan ba. Mai koyo da ya ga wannan yakan yi tsalle ya ƙara adadin. Amma ba nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da ta dace ita ce: su wa ke riƙe da goman, kuma me suke jira?

Kulle da amfaninsa

A ɗauka Binta na da naira 10,000 a asusunta, sai buƙatu biyu suka zo a lokaci guda, kowace na son cire 8,000. Idan duka biyun suka karanta ragowar kafin ɗaya ta rubuta, kowace za ta ga kuɗi sun isa, a fitar da 16,000 daga asusun da ke da 10,000. Don hana wannan ne rumbu ke kulle sahun bayanan Binta da zarar buƙatar farko ta fara gyara shi. Ta biyu dole ta jira.

Kullen yana tafiya ne da abin da za a iya kira ƙullin aiki: tarin umarni da ko dai su tabbata gaba ɗaya, ko su warware gaba ɗaya. Cire kuɗi daga asusun Binta da zuba su a na Audu ƙulli ɗaya ne. Ana rufe shi da umarnin COMMIT idan komai ya tafi daidai, ko ROLLBACK idan an fasa. Abin lura a nan shi ne, kullen da aka sa a kan sahu ba ya sakuwa da ƙarewar umarnin da ya sa shi. Yana nan har sai an rufe ƙullin baki ɗaya.

Ashe ke nan kulle ba cuta ba ne, kariya ne. Cutar ita ce daɗewarsa.

Yadda kulle ɗaya ke cinye taska

Matsalolin biyu ba baƙin juna ba ne, ɗaya ke haifar da ɗaya. Buƙatar da ke jiran kulle ba ta mayar da konekshan ɗinta, tana riƙe da shi ne tana jira. Idan sahu ɗaya ne kowa ke so, misali sahun da ke ƙirga ragowar tikiti ko asusun wani babban ɗan kasuwa, buƙata ta biyu za ta tsaya, ta uku ta tsaya, har ta goma. Daga nan taska ta ƙare. Duk wanda ya zo baya, ko da sunansa kawai yake son dubawa, ba zai samu hanya ba.

Abin bai tsaya nan ba. Tomcat na da zaren aiki 200 a saitinsa na asali, kowane zare na ɗauke da buƙata ɗaya. Idan duka 200 suka yi layi a ƙofar taska, uwar garken ta daina amsa ko da buƙatar da ba ruwanta da rumbu. A nan ne mai waya ke ganin lamba 503 ko 504, ko da'irar da ba ta tsayawa.

Akwai lissafi mai sauƙi da ke nuna girman abin, wanda ake kira ƙa'idar Little, da sunan masanin Amurka John Little da ya tabbatar da ita a shekarar 1961. A taƙaice: adadin konekshan da ke hannu daidai yake da yawan buƙatu a daƙiƙa, a ninka da tsawon lokacin da kowace ke riƙewa. Idan buƙatu 200 ke zuwa a daƙiƙa, kowace na riƙe konekshan na milisakan 20, wato kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, to konekshan 4 sun wadatar. Amma idan wani abu ya sa riƙon ya koma daƙiƙa 2, ana buƙatar 400. Jama'a ba su ƙaru ko da mutum ɗaya ba, riƙo ne kawai ya yi tsawo. Taskar mai 10 da ke zaune da rara ɗazu, yanzu buƙata 5 kawai take iya sallama a daƙiƙa.

Abubuwan da ke tsawaita riƙo

Na farko, kiran waje a tsakiyar ƙulli. Mai gina manhaja ya buɗe ƙulli, ya kulle asusu, sannan ya kira wani kamfani don tura saƙon tes ko tabbatar da biya. Ranar da wancan kamfani ya yi nauyi, kullen na nan riƙe har sai ya amsa. Ƙa'ida ita ce a gama da rumbu a rufe ƙulli, sannan a yi kiran waje, ko a yi kiran kafin a buɗe.

Na biyu, yoyo. An ari konekshan, kuskure ya auku a tsakiya, layin da ke mayar da shi bai samu gudana ba. Alamar yoyo ita ce manhaja ta yi lafiya bayan an kashe an kunna, sannan ta mutu bayan wasu awanni, kullum haka. A Java maganinsa shi ne tsarin try-with-resources da ya zo da Java 7 a 2011, wanda ke rufe konekshan ko an samu kuskure ko ba a samu ba.

Na uku, rashin fihirisa. InnoDB, injin da MySQL ke aiki da shi, yana kulle sahun da ya bi ta kansu wajen nema ne, ba wanda ya gyara kaɗai ba. Umarnin UPDATE da ke neman mutum da lambar waya a teburin da ba a yi wa lambar fihirisa ba, zai bi teburin kaf, ya kulle kowa saboda mutum ɗaya.

Na huɗu, gyaran tebur da rana tsaka. A PostgreSQL yawancin nau'o'in ALTER TABLE na neman kulle mafi tsanani, wanda ke hana ko karatu. Idan akwai wata doguwar tambaya da ke gudana, gyaran zai tsaya jiranta, duk masu zuwa baya kuma su tsaya jiran gyaran. Aikin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba sai ya tsayar da manhaja ɗungurungum.

Cirko-cirko

Akwai jiran da ba ya ƙarewa da kansa. Audu na tura wa Binta kuɗi, a daidai lokacin Binta na tura wa Audu. Ƙulli na farko ya kulle asusun Audu yana jiran na Binta. Na biyu ya kulle na Binta yana jiran na Audu. An yi cirko-cirko, kamar mota biyu da suka haɗu a ƙaramar gada, babu mai ja da baya.

Rumbunan zamani na gano wannan da kansu. PostgreSQL na fara dubawa bayan jiran daƙiƙa 1, ya soke ɗaya daga cikin ƙullin da lambar kuskure 40P01. MySQL na ba da kuskure mai lamba 1213, kuma yakan yi ƙoƙarin warware ƙullin da bai yi aiki da yawa ba. Aikin mai gina manhaja biyu ne. Ya sa manhajar ta sake gwada ƙullin da aka soke daga farko, bayan ɗan jinkiri. Sannan ya toshe tushen: a riƙa kulle abubuwa bisa tsari ɗaya a ko'ina, misali asusun mai ƙaramar lamba kafin mai babba, ko wane ne ke turawa. Idan kowa ta ƙofa ɗaya yake shiga, ba a haɗuwa a tsakiyar gada.

Kada a rikita 1213 da 1205. Lamba 1205 na nufin an jira kulle har wa'adi ya cika, wanda a asali daƙiƙa 50 ne. Tarkon da ke cikinta shi ne, a saitin asali umarnin ƙarshe kawai ake warwarewa, ƙullin na nan a buɗe da duk kullen da ya riga ya riƙe. Manhajar da ba ta aika ROLLBACK ba bayan 1205, ita ma ta zama mai tare wa wasu hanya.

Taska ma na iya yin nata cirko-cirkon. Idan aiki ɗaya na buƙatar konekshan biyu a lokaci guda, zare goma suka ɗauki ɗaya-ɗaya, kowanne zai tsaya jiran na biyu da babu shi. Rumbu ba zai gano wannan ba, domin a wajensa babu wanda ya kulle wani.

Matakan bincike idan manhaja ta tsaya

Mataki na 1: a tattara shaida kafin a kashe a kunna. Kunnawa na dawo da aiki, amma tana share sawun ɓarawo. A Java, umarnin jstack na nuna inda kowane zare ya tsaya. Idan ɗaruruwa na jira a getConnection, taska ta ƙare. Sai a nemi 'yan kaɗan ɗin da suka samu konekshan, a ga me suke yi.

Mataki na 2: a duba alƙaluman taska guda huɗu: jimilla, waɗanda ke hannu, waɗanda ke zaune, da masu jira.

Mataki na 3: a tambayi rumbu. A PostgreSQL:

SELECT pid, state, pg_blocking_pids(pid), now() - xact_start AS tsawo, query FROM pg_stat_activity WHERE xact_start IS NOT NULL ORDER BY xact_start;

Wannan na jero ƙullin da ke buɗe daga mafi daɗewa, tare da lambar wanda ya tare kowanne. A MySQL ana amfani da SHOW PROCESSLIST, da teburin sys.innodb_lock_waits, da SHOW ENGINE INNODB STATUS wanda ke ɗauke da bayanin cirko-cirko na ƙarshe.

Mataki na 4: a kwatanta ɓangarorin biyu. Idan taska ta ce goma na hannu, rumbu kuma ya nuna tara na jiran ɗaya, matsalar kulle ce. Idan rumbu ya nuna duka suna zaune ba sa komai, yoyo ne ko kiran waje. Idan aka ga "idle in transaction", wato an buɗe ƙulli an tafi an bar shi, an kama mai laifi. Idan kuma duka suna aiki tuƙuru kuma injin ya cika, tambayoyin ne ke da nauyi, a duba fihirisa.

Mataki na 5: a cire na kan gaba, ba na baya ba. Kashe masu jira ɓata lokaci ne. A PostgreSQL, pg_cancel_backend na soke umarnin da ke gudana, pg_terminate_backend kuma na yanke konekshan ɗin gaba ɗaya. A MySQL umarnin KILL ne. A sani cewa aikin da aka yanke zai warware, kuma warware babban ƙulli na iya ɗaukar lokaci.

Mataki na 6: a yi rigakafi. A PostgreSQL, lock_timeout da statement_timeout da idle_in_transaction_session_timeout duk a kashe suke zuwa, wato jira ba iyaka, sai an sa musu wa'adi. A HikariCP a kunna leakDetectionThreshold, wanda ke rubuta ainihin wurin da aka ari konekshan aka daɗe ba a mayar ba. A kuma tabbatar maxLifetime, da ke zuwa a minti 30, bai kai wa'adin da rumbu ko katangar tsaro ke yanke konekshan mai zaman banza ba. MySQL na yankewa bayan awa 8, amma wasu na'urorin tsakiya na yankewa tun kafin nan, sai taska ta wayi gari tana miƙa matattun konekshan.

Me ya sa ƙara girman taska ba magani ba ne?

Idan mutum goma na jiran kulle ɗaya, aka mayar da taska 100, an samu mutum ɗari ke nan suna jiran kullen nan dai. Ga kuma iyakar rumbu: uwar garke huɗu, kowace da taska mai 50, sun nemi 200 a wurin da ke karɓar 100. Nan PostgreSQL zai fara cewa "too many clients already", MySQL kuma ya ba da kuskure 1040.

Bayan haka, injin mai ƙwaƙwalwar sarrafawa 4 ba ya iya yin aiki ɗari a lokaci guda, tsalle kawai yake yi tsakaninsu, tsallen ma na cin lokaci. Masu HikariCP sun kawo wani ma'auni na farawa da suka samo daga masu PostgreSQL: a ninka adadin ƙwaƙwalwar sarrafawa sau biyu, a ƙara adadin faifan ajiya. Inji mai 4 da faifai ɗaya zai fara da 9. Mafari ne kawai, sai an gwada da nauyi irin na gaske. Inda uwar garke suka yi yawa, ana sa PgBouncer a gaban PostgreSQL ya tattara konekshan ɗinsu zuwa 'yan kaɗan.

Har a cikin waya akwai kulle

Manhajojin Android da yawa na ajiye bayanansu a ƙaramin rumbu mai suna SQLite, a cikin wayar kanta. SQLite marubuci ɗaya yake yarda da shi a lokaci guda. Idan na biyu ya zo bai samu hanya ba, sai a ga saƙon "database is locked". Tsarin WAL da aka ƙara a siga ta 3.7.0 a 2010 ya ba masu karatu damar ci gaba yayin da ake rubutu, amma marubuci har yanzu ɗaya ne. Idan kuma jiran ya auku a kan babban zaren da ke kula da allo, aka yi daƙiƙa 5 manhaja ba ta amsa taɓawa ba, Android zai fito da tambayar ko a rufe ta ko a jira. Darasin ɗaya ne da na uwar garke: a gajarta ƙulli, kuma kada a yi aikin rumbu a kan zaren allo.

Abin da ya rage ga mai waya

Ƙarewar wa'adi ba ta nufin aikin bai yiwu ba. Waya na iya gajiya da jira ta nuna kuskure, alhali a can rumbu kullen ya saku, ƙullin ya tabbata, kuɗi sun fita. Don haka kafin a sake turawa, a duba tarihin hada-hada da ragowar asusu, a ɗan ba shi lokaci. Danna maɓalli sau goma kuwa ba ya sa layi ya yi sauri. Kowace dannawa na iya zama sabuwar buƙata da za ta je ta tsaya a layin da ya riga ya cushe.

Nauyin da ke kan mai gina manhaja shi ne ya ba kowace hada-hada lambar shaida tata tun daga waya, ta yadda idan buƙata ɗaya ta iso sau biyu, uwar garke za ta gane ta ƙi maimaitawa.

Mai son gani da idonsa zai iya gwadawa a kwamfutarsa. Ya girka PostgreSQL, ya buɗe tagogi biyu na psql. A ta farko ya rubuta BEGIN, ya gyara sahu ɗaya da UPDATE, kada ya rufe. A ta biyu ya gwada gyara wannan sahun, zai ga ta tsaya cak. Ya buɗe taga ta uku ya saka tambayar mataki na 3, zai ga lambar wanda ya tare hanya. Da ya rubuta COMMIT a taga ta farko, ta biyu za ta wuce nan take.